BABI NA HUƊU: RAYUWAR SANSANI A CIKIN LITTAFIN BURMA BOY

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin marubucin wannan littafi, wato Biyi Bandele, wanda aka haifa a Kafanchan a shekarar 1967, ya kuma rasu a Legas a 2022. An kuma taƙaita labarin littafin nasa, Burma Boy, wanda aka buga da Turanci a Landan a shekarar 2007. A wannan babi kuwa za a dubi yadda marubucin ya zana rayuwar soja a cikin sansani, tun daga makwancinsa da hirarsa har zuwa abin da yanayin ƙasar ya yi wa jikinsa da hankalinsa. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, marubucin ya yi nasara ƙwarai wajen nuna sansani a matsayin gida, amma ya naɗe tabarmar labarinsa kafin damina ta kankama, saboda haka babban abin da ya wahalar da sojan Nijeriya a ƙasar Bama, wato ruwan sama, bai sami rabon da ya dace da shi a littafin ba.

4.1 Sansanin White City a Tarihi

Kafin a shiga cikin littafin ya kamata a san cewa sansanin da labarin ya fi daɗewa a cikinsa ba ƙagagge ba ne. A watan Maris na shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wata rundunar Ingila da ake kira Chindit ta sauka da jiragen sama a bayan dagar Japanawa a arewacin ƙasar Bama, wadda a yau ake kira Myanmar. Shugabanta shi ne Manjo Janar Orde Wingate. Dabararsa ita ce a kafa sansanoni masu ƙarfi a tsakiyar ƙasar da abokan gaba suke riƙe da ita, a kewaye su da waya mai ƙaya da nakiyoyi, a riƙa jefo musu abinci da harsashi daga sama. An sa wa sansanonin sunayen wurare na Turai da Amurka, kamar Broadway da Aberdeen da White City.

Birgediya Michael Calvert ne ya kafa White City kusa da garin Mawlu, a kan hanyar jirgin ƙasa da ta mota da ke zuwa Myitkyina, domin a datse wa Japanawan da ke arewa hanyar samun kaya. Ma'anar sunan ita ce Farin Birni, kuma ya samo asali ne daga fararen laimomin da ake jefo kaya da su, waɗanda suka maƙale a kan itatuwa har wurin ya yi fari fat. Daga cikin waɗanda aka ɗora wa tsaron irin waɗannan sansanoni akwai Birget ta 3 ta Afirka ta Yamma, mai bataliya uku na sojan Nijeriya, wato ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda aka ciro daga Runduna ta 81.

Akwai wani batu da ya kamata a riƙe tun yanzu, domin za a koma masa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa hukumar sojan Ingila ta kai 'yan Afirka ta Yamma Bama shi ne zaton cewa sun saba da kurmi da zafinsa da cututtukansa. Alhali kuwa sojan Nijeriya na wancan zamani yawancinsa daga Arewa aka ɗebo shi, daga ƙasar gero da dawa, inda mutum zai hango raƙumi tun yana nesa. Matsakaicin ruwan da Kano take samu a shekara bai kai milimita 1,000 ba. Yankin Myitkyina yana samun fiye da ninkin wannan, gaɓar Arakan kuwa, inda aka kai sauran Runduna ta 81 da kuma ta 82, tana samun fiye da milimita 4,000. Wato an ɗauki ɗan fili an kai shi kurmi bisa zaton cewa duk baƙin mutum ɗan kurmi ne.

4.2 Sansani a Matsayin Gida

Babban tauraron littafin, Ali Banana, yaro ne da bai wuce shekara goma sha huɗu ba, wanda ya bar koyon ƙira ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga soja. Ƙarambau ta kwantar da shi a Indiya, 'yan'uwansa suka tashi suka bar shi, daga baya aka haɗa shi da wani ƙaramin sashe da ake kira D, a ƙarƙashin Samanja Damisa. Wannan shiri na marubucin yana da hikima. Da yake yaron baƙo ne a cikin sashen, duk abin da ya gani sabo ne a wurinsa, mai karatu kuma da idonsa yake gani. Da a ce tsohon soja aka sa a gaba, da abubuwa da yawa na zaman sansani an wuce su ba a faɗa ba, domin wanda ya saba da abu ba ya ganinsa.

Abin da ya fi jan hankali a babin White City shi ne yadda yaƙi ya koma tamkar aikin gona, mai lokacin fita da lokacin tashi. Tarihi ya tabbatar da haka. Daga ranar 6 ga Afrilu 1944, har kusan mako biyu, Japanawa sun riƙa kawo hari a kan tsari guda: da la'asar a buɗe wuta da igwa, da dare sojan ƙasa su afka wa waya, da gari ya waye su janye. Da rana sai 'yan sansani su gyara wayar da aka yanke, su ƙara zurfin ramuka, su kwashi kayan da aka jefo, su ɗan runtsa. Marubucin ya ɗauki wannan maimaici ya mayar da shi zubin labarinsa. Dare na mutuwa ne, rana ta hira ce. Mai karatu yakan kai matsayin da shi ma yake jiran la'asar da faɗuwar gaba, kamar yadda mutanen ramin suke jira.

A cikin wannan zama ne sashen D ya zama iyali. Ramin da mutum biyu ko uku suke kwana a ciki shi ne ɗaki, Damisa kuwa shi ne maigida. Marubucin bai gina girman Damisa a kan tsawa ko horo ba, sai a kan haƙuri da lallashi da sanin halin kowane yaro. Ali ya ɗauke shi uba, shi kuma ya karɓi matsayin ba tare da an yi wata magana a kai ba. Wannan ya yi daidai da abin da Bahaushe ya sani na ubangida da yaronsa, inda biyayya ba don albashi kaɗai ake yin ta ba. Sarkin Ingila, wanda sojojin suke kira Kingi Joji, suna ne kawai da ake ji daga nesa. Wanda ake tsayawa a bakin waya dominsa shi ne wanda ake cin abinci gwangwani ɗaya da shi.

Sai dai gidan nan a tsakiyar maƙabarta yake. Gawarwakin Japanawa sun taru a jikin waya ba mai iya kwashewa, zafi ya kumbura su, ƙuda ya rufe sansanin. Waɗanda suka rubuta tarihin wurin sun ce har farar ƙasa aka riƙa jefowa daga jirgi don a zuba a kansu, kuma matuƙa jirgin sama sukan gane sun iso da ɗoyi. Bandele bai kau da kai daga wannan ba, bai kuma yi masa kuka ba. Ya bar taurarinsa suna ci suna sha suna zolayar juna a gefen ɗoyin. Wani mai karatu zai iya cewa raha ta yi yawa a wurin da bai kamata a yi dariya ba. A ra'ayin mai wannan nazari, rahar ita ce gaskiyar littafin. Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san cewa kafin a yi sadakar uku an fara 'yar hira a zaure, ba don an manta da mamaci ba, sai don rai ba ya iya ɗaukar baƙin ciki dare da rana babu hutu. Ina ga wanda makokinsa ya kai mako biyu, kuma bai san ko gobe nasa za a yi ba.

4.3 Harshen Bariki

Da Turanci aka rubuta littafin, amma an nuna cewa da Hausa sojojin suke yawancin maganarsu, ko da yake ba dukkansu ne Hausawa ba. Wannan ma haka yake a tarihi, domin Hausa ce harshen aiki a sojan Nijeriya na zamanin mulkin mallaka, har hafsoshin Turawa sukan koye ta. Marubucin ya bar muƙamai yadda bakin Bahaushe ya sarrafa su, kamar farabiti da samanja da kyaftin da janar. Ga Bature wannan ado ne mai ban sha'awa. Ga Bahaushe kuwa, musamman wanda ya san wasan Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, murya ce da ya riga ya sani, ta mutumin da ke haɗa Hausa da Turancin fareti ya ba da dariya alhali shi da gaske yake.

Inda mai nazari yake da ja shi ne sunan tauraron. Banana ba kalmar Hausa ba ce, ayaba muke cewa. Sunan yana sa mai karatun Turanci murmushi tun kafin yaron ya buɗe baki, kuma a sassan farko na littafin Ali ya ɗan yi kusa da zama wawan wasa, mai yawan surutu da cika baki. Marubucin ya ceto shi daga baya, amma ya ɗauki lokaci.

4.4 Ɗan Mai Haƙar Rijiya a Ƙasar Ruwa

Akwai wani wuri a farkon labarin da ya cancanci a tsaya a kansa. Lokacin da aka yi wa Ali tayin aikin jan alfadari, sai ya ji an ci masa mutunci, ya miƙe yana yi wa kansa kirari da asalinsa. A cikin kirarin ya danganta kansa da sarkin masu haƙar rijiya, mutumin da hancinsa yake jin ƙanshin ruwa daga wata ƙasa mai nisa. Yawancin masu karatu sukan ɗauki wannan wuri a matsayin ban dariya kawai, da kuma shaidar cewa marubucin ya san al'adar kirari. Haka ne, amma akwai abin da ya fi wannan. Yaron ya fito ne daga al'ummar da ruwa abin nema ne a cikinta, inda wanda ya iya gano shi a ƙarƙashin ƙasa yake samun sarauta, inda ake fita roƙon ruwa idan ya yi jinkiri, inda ake gaisuwa da tambayar yaya ruwa a amsa da cewa ya yi gyara. Irin wannan yaro aka ɗauka za a kai ƙasar da ruwa yake kisa. Marubucin ya dasa wannan iri da hannunsa, mai karatu kuma yana da haƙƙin ya jira ya ga tsironsa.

Ba a ce babu ruwa da taɓo a cikin littafin ba. Akwai su. Amma labarin ya ƙare ne a White City, shi kuwa White City sansanin bazara ne. An kafa shi a Maris, an yi manyan hare-harensa a Afrilu, aka tashe shi a farkon Mayu 1944, kuma ɗaya daga cikin dalilan tashinsa shi ne tsoron damina, domin idan ruwa ya sauka filin jirginsa zai koma fadama, gajimare kuma zai hana jirage jefo kaya. Damina a Bama takan kama daga tsakiyar Mayu zuwa Oktoba. Sojojin Nijeriya da suka fita daga White City ba gida suka nufa ba. Arewa aka tura su a ƙasa, cikin ruwan, ba a kuma fitar da su daga fagen ba sai a watan Agusta.

Waɗannan watanni uku su ne mafi muni a tarihin rundunar baki ɗaya. Wingate ya riga ya mutu a haɗarin jirgin sama tun ranar 24 ga Maris, Lentaigne ya gaje shi, aka kuma sa rundunar a ƙarƙashin janar ɗin Amurka Stilwell, wanda ya yi ta tura ta yaƙin gaba da gaba da ba a shirya ta dominsa ba. Sabon sansanin da aka kafa mai suna Blackpool ya faɗi a ranar 25 ga Mayu, a cikin ruwa da taɓo. Rami, wanda a White City shi ne ɗakin soja da mafakarsa, da damina sai ya cika da ruwa. Tufafi ba sa bushewa, takalmi yana ruɓewa a ƙafa, ƙafar ma tana ruɓewa a cikinsa. Matsattsaku suna shiga ta ko'ina. Alfadarai suna zamewa a kan duwatsu da kayansu. Abincin kuwa ƙunshin nan ne na sojan Amurka, biskit da ɗan naman gwangwani da sukari da taba, wanda aka shirya don a ci na 'yan kwanaki, amma mutane suka yi watanni a kansa, wani lokaci ma jirgi bai samu zuwa ba. Zazzaɓin cizon sauro da atuni da zazzaɓin da ƙwarin daji ke kawowa sun kwantar da mutanen da harsashi bai taɓa ba. Da likitoci suka duba Birget ta 111 a watan Yuli, daga cikin mutum 2,200 mutum 119 kacal aka samu masu lafiyar ci gaba da aiki. Wannan birget ba ta 'yan Nijeriya ba ce, amma ruwa ɗaya ne ya doke su duka.

To, duk wannan yana bayan shafin ƙarshe na Burma Boy. Za a iya kare marubucin da cewa littafin ƙagaggen labari ba littafin tarihi ba ne, kuma yana da ikon tsayawa inda ya ga dama. Za a iya ƙarawa da cewa sansanin da aka kewaye ya fi sauƙin ginin labari, domin yana da iyaka, yana da abokin gaba da ake gani, yana da dare da rana, alhali tafiya cikin ruwa ba ta da farko ba ta da ƙarshe, wahala ce kawai mai kama da juna. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma mai nazari ya yarda da rabinta. Abin da ya hana shi yarda da sauran rabin shi ne yadda aka buɗe littafin. Ba da Ali aka fara ba. An fara ne da Wingate a birnin Alƙahira a shekarar 1941, yana fama da zazzaɓi, har ya yi yunƙurin kashe kansa da wuƙa a ɗakin otal. Abin ya faru da gaske, kuma an rubuta shi da gwaninta. Amma Wingate yana da masu rubuta tarihinsa da yawa a Ingila. Ali Banana ba shi da kowa sai Bandele. Idan akwai filin da za a ba zazzaɓin janar a Masar, to akwai filin da za a ba zazzaɓin farabiti a cikin markar Bama.

Dalilin da ya sa wannan giɓi ya dami mai nazari shi ne, babu wani wuri da Bahaushe zai je ya cike shi cikin sauƙi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ta kawo labaran yaƙin, amma a ƙarƙashin idon gwamnatin da take yaƙin. Waƙar Sa'adu Zungur ta Maraba da Soja daga gida take kallon sojan, yana dawowa, ba daga cikin rami ba. Mazan jiya da suka san abin da idonsu yawancinsu ba su yi rubutu ba, kuma kusan duk sun kwanta dama. A gidan su mai wannan nazari ana ba da labarin wani ƙanen kakarsa da ya je Bama ya dawo. Ba a riƙe sunan bataliyarsa ba, ba a riƙe sunan garin da ya yi yaƙi ba. Abin da aka riƙe kawai shi ne, har ya rasu idan hadari ya haɗu yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ba ya fitowa sai an ɗauke, alhali manomi ne.

Duk da haka dole a yaba wa ƙarshen da marubucin ya zaɓa, domin a nan ne ya biya wani ɓangare na bashin. Sashen D ya fita daga sansani, aka yi masa kwanton ɓauna, Damisa ya sami raunin da ba zai tashi ba, kuma Ali ne ya ƙarasa shi da hannunsa don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Daga nan yaron ya shiga kurmi shi kaɗai. A waɗannan shafuka babu waya babu rami, babu wanda zai yi wa surutu, sai daji da abin da ke cikinsa. Salon ma ya sauya, rahar ta janye, maganar ta koma ta mutumin da ba ya bambance abin da yake gani da abin da yake tunani. A nan ne kaɗai ƙasar Bama ta tashi daga matsayin fagen da ake yaƙi a kansa ta zama tauraruwa mai aikata wani abu ga mutum.

Da Ali ya dawo White City, hankalinsa ya riga ya taɓu. Abin lura shi ne inda ya nufa. Bai nemi hanyar Indiya ba, balle ta Nijeriya. Wurin da ƙafarsa ta kai shi shi ne wannan fili mai ɗoyi da ƙuda, domin shi kaɗai ne gidan da ya rage masa, ko da yake maigidan ba ya ciki. Mai karatun da bai san tarihi ba zai rufe littafin yana ganin yaron ya tsira. Wanda ya sani kuwa ya san cewa saura 'yan makonni a tashi sansanin, a sa waɗanda suka rage a gaba zuwa arewa, kuma a lokacin hadari ya riga ya fara haɗuwa.